Yadda Ake Ziyartar Kufaifan Jihar Misisipi, Daga Rocky Springs Zuwa Rodney

A kudu maso yammacin jihar Misisipi ta ƙasar Amurka, tsakanin birnin Natchez da birnin Vicksburg, akwai tazarar kimanin mil 70 wadda kogin Misisipi ya yi wa iyaka ta yamma. A cikin wannan ɗan tsukin, musamman a gundumomin Claiborne da Jefferson, akwai garuruwan da auduga da jiragen ruwa suka raya a farkon ƙarni na 19, sannan annoba da gobara da yaƙi da sauyin hanyar kogi suka taru suka mayar da su kufai. Huɗu daga cikin waɗannan wurare sun fi cancantar a je a gani: Rocky Springs, Grand Gulf, kangon gidan Windsor, da kuma Rodney. Duk wanda ya tafi da tsammanin zai tarar da tituna cike da tsofaffin gine-gine zai dawo da takaici, domin abin da ya rage a tsaye bai taka kara ya karya ba. Kufai karanta shi ake yi kamar yadda maharbi yake karanta sawu, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai ziyara ya shirya wa tun kafin ya bar masauki.

Lokacin tafiya da abin hawa

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ba a yin ganganci. Daga watan Yuni zuwa Satumba zafi da gumi suna da tsanani, sauro da kaska suna yawa, ciyawa da wata kurangar daji da ake kira kudzu suna lulluɓe duk wani tubali da ke ƙasa, har mutum ya wuce ta kan harsashin gida bai sani ba. Daga Maris zuwa Yuni kuwa kogi yakan cika, kuma Rodney da gefen Grand Gulf suna cikin wuraren da ruwa yake fara ci. A watan Mayun 2011 ma'aunin ruwa na Natchez ya kai kusan ƙafa 62, alhali daga ƙafa 48 ake ɗaukar cewa an shiga ambaliya, kuma a wannan shekara ruwa ya shiga gine-ginen Rodney. Saboda haka mafi kyawun lokaci shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da ganye ya zube, ƙasa ta bayyana, macizai suka lafa. Ko a lokacin ma, ka duba ma'aunin ruwa na Natchez da na Vicksburg a shafin hukumar hasashen yanayi ta Amurka kafin ka kama hanya.

Sai dai wannan lokaci ya zo daidai da lokacin farautar barewa, kuma dazuzzukan da ke kewaye da Rodney cike suke da sansanonin mafarauta. Ka sa riga ko hula mai launin ruwan lemo mai haske, irin wadda mafarautan da kansu suke sawa don kada a ɗauke su dabba, kuma kada ka kauce daga hanya ka kutsa cikin daji.

Babu motar haya da take zuwa ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare, don haka dole ne a yi hayar mota, galibi daga Jackson, babban birnin jihar. Mota mai ɗan tsayi daga ƙasa ta fi, saboda ƙarshen hanyar Rodney tsakuwa ce da laka. Ka cika tanki a Port Gibson ko Natchez, ka ɗauki ruwan sha da abinci, ka sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando, sannan ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana da intanet, domin sabis yakan ɗauke a cikin kwaruruka. Garin Port Gibson, wanda yake kan babbar hanya mai lamba 61, shi ne tsakiyar duka wuraren huɗu. Ana iya gama su a yini ɗaya idan an yi sammako, amma a ganina kwana biyu ya fi, don gaggawa ba ta barin ido ya ga abin da aka zo nema.

Fara da Rocky Springs

Ina ba da shawarar a fara da Rocky Springs ne saboda nan ne makarantar koyon karatun kufai. Wurin yana kan hanyar Natchez Trace Parkway, wadda ta taso daga Natchez ta nufi Nashville tsawon mil 444, kuma yana daidai alamar mil 54.8. Hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji ta tarayya ce take riƙe da shi, ba a biyan kuɗin shiga, an share ɗan gajeren turba, an kuma kafa alluna masu bayani. A kan wannan hanya babu gidajen mai, kuma a yawancinta ba a wuce gudun mil 50 a awa.

Garin ya samo sunansa daga wani marmaro da matafiya suke yada zango a kansa tun ƙarshen ƙarni na 18. A shekarar 1860 mutum 2,616 ne suke zaune a garin da kewayensa, kuma fiye da 2,000 daga cikinsu bayi ne da suke noman auduga. A lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, sojojin Janar Ulysses Grant na rundunar Arewa sun bi ta nan a watan Mayun 1863 a kan hanyarsu ta kewaye Vicksburg. Zazzaɓin shawara ya faɗa wa garin a 1878, ƙwaron auduga ya cinye amfanin gona a farkon ƙarni na 20, kanti na ƙarshe ya rufe a shekarun 1930, marmaron kansa ma ya ƙafe. Abin da ya rage shi ne cocin Methodist na tubali da aka gina a 1837, da maƙabartarsa, da wasu rijiyoyin tara ruwan sama, da akwatunan ƙarfe guda biyu na ajiyar kuɗi da suke zaune a cikin daji, tsatsa ta cinye su, babu bango babu rufi a kansu.

Ka tsaya a gaban ɗaya daga cikin akwatunan nan ka yi tunani. Akwatin ajiyar kuɗi mai wannan nauyi ba a yawo da shi, don haka inda yake nan ne kanti ko ofis ya tsaya, kuma ƙofar ginin tana fuskantar hanya. Rijiyar tara ruwa tana nufin akwai rufin gida a kusa da ita, wanda ruwan sama yake gangarowa daga kansa. Idan ka haɗa akwati da rijiya da ɗan kwarin da ya miƙe a tsakanin itatuwa, sai titin garin ya fara fitowa a idonka. Haka nan ka lura da ƙasar wurin, wadda take da laushi kamar gari, iska ce ta tara ta shekaru dubbai da suka wuce. Tana da albarka ƙwarai, amma da zarar an sare itatuwa an yi ta noma ba hutu, ruwan sama yakan yanka ta kamar wuƙa. Manyan kwazazzaban da ke kewaye da turbar gonakin auduga ne a da, kuma su ne shaidar cewa zaizayar ƙasa tana cikin abin da ya kori mutane. Wannan laushin ne kuma ya sa tsohuwar hanyar matafiya ta nutse, har a alamar mil 41.5 za ka iya tafiya a cikinta gefunanta sun fi ka tsayi, sawun mutane da dawakai da keken shanu ne kawai suka haƙa ta.

Idan ziyararka ta faɗo a watan Fabrairu, ka kula da furanni masu ruwan ɗorawa da suke fitowa a jere ko a tattare a tsakiyar daji. Ba tsiron daji ba ne, wani ne ya shuka su a ƙofar gidansa, suka ci gaba da fitowa bayan gidan ya tafi. Tsofaffin itatuwan sida da suka tsaya a layi su ma alama ce ta farfajiya ko maƙabarta.

Grand Gulf da ginshiƙan Windsor

Grand Gulf yana kimanin mil 8 arewa maso yamma da Port Gibson. An sa masa suna ne saboda wani babban gurbi da ruwan kogi yake juyawa a cikinsa, kuma a shekarun 1830 yana cikin manyan tashoshin lodin auduga na jihar. Shawara ta shige shi a 1843, mahaukaciyar guguwa ta rushe wani sashe a 1853, sannan tsakanin 1855 da 1860 kogi ya ci gaɓa har ya haɗiye unguwanni 55 na garin. Ma'ana, tsakiyar kasuwar da kake nema ba ta kan tudu ko kaɗan. Ranar 29 ga Afrilun 1863 jiragen yaƙi bakwai masu sulken ƙarfe na rundunar Arewa sun yi ta ruwan wuta a kan ganuwoyin rundunar Kudu na Cobun da Wade ba su iya karya su ba, abin da ya sa Grant ya gangara kudu ya ƙetare da sojojinsa a Bruinsburg washegari. Bruinsburg ɗin ma ya zama kufai, kuma filinsa yana hannun masu shi. Yau Grand Gulf wurin tarihi ne na jiha, ana biyan 'yan daloli a shiga, akwai ɗan gidan tarihi da ramukan yaƙi da tsohuwar maƙabarta. Kafin ka fita ka shiga ƙaramin cocin katako na Katolika da ke cikin harabar, domin a Rodney aka gina shi a 1868, aka ɗauko shi aka kawo nan a 1983 don kada ya lalace. Ka riƙe siffarsa a ranka, za ka buƙace ta idan ka isa Rodney.

Windsor ba gari ba ne, gidan mai gandu ne, kuma yana kimanin mil 10 kudu maso yamma da Port Gibson. Smith Coffee Daniell II ne ya gina shi tsakanin 1859 da 1861, ya kuma rasu makonni kaɗan bayan an gama. Gidan ya tsallake yaƙin basasa, amma gobara ta cinye shi ranar 17 ga Fabrairun 1890. Ginshiƙai 23 ne suka rage cikakku a tsaye, kowanne da kan ƙarfe mai zanen ganye, kuma shekara ɗari ba a san ainihin kamannin gidan ba sai da aka gano wani zane da wani hafsan rundunar Arewa ya yi a 1863. Hukumar adana kayan tarihi ta jihar ce take kula da wurin, an kuma kewaye ginshiƙan da shinge saboda gutsattsarin gini yakan faɗo, don haka kada ka tsallaka. Inda shafen siminti ya ɓare za ka ga tubalin da ke ciki, kuma bayin gandun ne suka buga wannan tubali. Matakalar ƙarfen gidan tana nan a ɗakin ibada na Oakland a Jami'ar Alcorn, 'yan mil kaɗan daga wurin. Wannan jami'a an kafa ta ne a 1871 don 'ya'yan bayin da aka 'yanta, kuma shugabanta na farko shi ne Hiram Revels, baƙar fata na farko da ya zauna a majalisar dattawan Amurka.

Neman waɗanda ba su bar gini ba

A nan ne nake ganin yawancin masu ziyara suke yin kuskure. Abin da ya tsira a kufaifan nan shi ne abin da aka gina da tubali da ƙarfe da dutse, wato coci da ginshiƙi da akwatin kuɗi da kabarin mai hali. Amma a ƙidayar 1860 bayi 436,631 ne a jihar Misisipi, fiye da rabin jama'arta, kuma a gundumomin Claiborne da Jefferson sun haura kashi uku cikin huɗu. Ɗakunansu na katako ne, sun ruɓe tun tuni. Wanda ya tsaya ga abin da ke tsaye kawai zai koma gida da labarin mutum ɗaya cikin biyar, ya ɗauka ya san garin.

Hanyar gyara wannan ita ce ka nemi sawunsu da gangan. A kowace maƙabarta, bayan ka karanta duwatsun da aka rubuta, ka zaga gefe ka duba ƙasa. Ramuka marasa zurfi, masu tsawon mutum, da suka jeru suna fuskantar gabas da yamma, kaburbura ne da ba a yi wa dutse ba, kuma bai kamata a taka su ba. A Mount Locust, tsohon masaukin matafiya da ke alamar mil 15.5 a kan Natchez Trace, an keɓe maƙabartar bayin gidan, ana iya tsayawa a gani. A cikin Natchez kuma akwai wurin da ake kira Forks of the Road, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na kudancin Amurka daga 1833 zuwa 1863, inda aka riƙa koro mutane a ƙafa daga Virginia da Kentucky, wasu ta wannan hanya da kake bi da mota. A wani gandu kusa da Natchez ne Abdurrahman Ibrahim, ɗan sarautar Fulanin Futa Jalon, ya yi shekara 40 cikin bauta kafin a sake shi a 1828, ya rasu a Laberiya shekara guda bayan haka. Wanda ya tsaya a waɗannan wurare kafin ya isa Rodney zai kalli garin da wani ido dabam.

Dokar wuri da ladabin baƙo

Doka a nan ba ta da sassauci. A filin gwamnatin tarayya, irin su Rocky Springs, haramun ne a tona ƙasa, ko a yi amfani da na'urar gano ƙarfe, ko a ɗauki ko da ɓallin tubali ko fasasshen tangaran, kuma akwai dokar tarayya ta 1979 da ta tanadi tara da ɗauri a kan haka. Jiha ma tana kare nata wuraren. Sauran filayen kuwa duk suna da masu su, ko da ka ga babu kowa. Allon da aka rubuta wa “Posted” ko “No Trespassing” yana nufin kada a shiga, kuma a karkarar kudancin Amurka mutane da yawa suna da bindiga, ba sa ɗaukar kutse da wasa. Kada ka shiga ginin da rufinsa ya lotsa, kada ka jingina da dutsen kabari ko ka goge shi da wani abu don rubutu ya fito, hasken waya daga gefe ya isa ya bayyana haruffa. Ka kula da bakin tsofaffin rijiyoyi da ganye ya rufe, da tururuwa masu cizo da suke tara ƙasa tsibi-tsibi, da wani tsiro mai ganye uku-uku da yake sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, da kuma kadoji a bakin fadama. Lambar neman agaji ita ce 911, amma tun da sabis ba tabbas, ka shaida wa wani inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.

Rodney

Ana zuwa Rodney ne daga Lorman a kan hanya mai lamba 61, a bi hanya mai lamba 552 ta wajen Jami'ar Alcorn, sannan a shiga ƙananan hanyoyin karkara. Alamun hanya ba su da yawa, taswirar waya kuma takan kai mutum ga ƙofar gonar wani, don haka ka yi tambaya a Lorman, matambayi ba ya ɓata. Idan an yi ruwa a daren jiya, ka ɗaga tafiyar. Ƙarshen hanyar yana gangarowa ne daga kan tudu ta tsakanin gaɓoɓin ƙasa masu tsayi, itatuwa sun haɗe a sama, sai kawai ka ga ka fito fili, ga coci a gabanka.

Faransawa sun san wurin da suna Petit Gulf, aka sauya masa suna a 1828 don girmama alƙali Thomas Rodney. A gandunan da ke kewaye da shi ne Dakta Rush Nutt ya inganta irin audugar da ake kira Petit Gulf, mai jure cuta da sauƙin tsinka, wadda ta bazu a faɗin kudu. Zachary Taylor, wanda ya zama shugaban Amurka na 12, yana da gandu a kusa. Kafin yaƙin basasa Rodney yana cikin tashoshin da suka fi hada-hada tsakanin New Orleans da St. Louis, da bankuna da jaridu da otal da kantuna. Shawara ta yi masa ɓarna a 1843, gobara ta ci babban sashe a 1869, amma abin da ya karya shi shi ne kogin da ya raya shi. Wajen 1870 tudun yashi ya taru a gaban tashar, ruwa ya karkata yamma, ya bar garin kimanin mil 2 daga gaɓa. Da aka zo shimfiɗa layin dogo kuma sai aka bi ta Fayette. A 1930 gwamnan jihar ya soke matsayinsa na gari.

Ka ajiye mota a gefen hanya inda ba za ta tare wa kowa ba, ka tuna cewa har yanzu akwai 'yan tsirarun mutane da suke zaune a nan, kuma gaisuwa kafin ɗaukar hoto ita ce mutunci. Fara da cocin Presbyterian na jan tubali da aka buɗe a 1832. Ka ɗaga kai ka dubi bangon gaba, sama da tagar tsakiya, za ka ga dunƙulen harsashin igwa a maƙale. Ranar Lahadi 13 ga Satumbar 1863, kyaftin ɗin jirgin yaƙin Arewa mai suna Rattler da wasu ma'aikatansa sun sauko sun shiga ibada a nan, mahayan rundunar Kudu suka kewaye cocin suka kama su, jirgin kuma ya buɗe wa garin wuta. Wannan harsashi shi ne ma'auninka mafi amfani a duk ziyarar, domin yana nuna maka inda kogi yake a wancan lokaci. Ka juya wa cocin baya ka dubi yamma: inda kake ganin fadama da dogayen itatuwa, nan ne jiragen ruwa suke tsayawa ana loda musu auduga.

Daga nan ka taka zuwa cocin Baptist na Mount Zion, farin ginin katako mai ƙaramar ƙubba, wanda aka gina wajen 1850. A jikin allunansa za ka ga layin da ruwan ambaliya ya bari, kuma tsayin layin zai gaya maka dalilin da ya sa aka ɗauke cocin Katolikan da ka gani a Grand Gulf. Ka tsaya daga waje, daɓensa ba abin dogara ba ne. Tsakanin cocin biyu akwai tsohon kanti da ɗakin taro da filayen da ciyawa ta rufe, kuma da abin da ka koya a Rocky Springs za ka iya gane inda gidaje suka jeru. Idan ƙafarka tana da ƙarfi, ka hau tudun da ke bayan cocin Presbyterian, inda maƙabartar garin take a cikin itatuwa. Hawan yana da santsi bayan ruwa, kuma sanda tana taimakawa. Ka karanta shekarun da ke kan duwatsun, ka lura da yawan ƙananan yara, ka kuma lura da garuruwa da ƙasashen da aka rubuta cewa daga can mamatan suka fito. Ka sauko tun da sauran rana, domin babu fitila ko ɗaya a kan hanyar komawa Lorman, kuma barewa sukan fito kan titi da zarar magariba ta yi.